Na kunna siga mai tsada, ban ji komai ba sai ɗaci da jiri: ina matsalar take?

"Assalamu alaikum. Wani abokin aikina ya dawo daga tafiya ya kawo mini tsarabar tabar siga kara biyar, irin mai kaurin nan da ake naɗewa da hannu, ya ce 'yar Kyuba ce. Na karanta masu sharhi suna cewa ana jin gahawa da cakulan da jemammiyar fata a cikinta. Na ajiye su a durowar tebur kusan sati uku, sannan na kunna ɗaya. Wallahi ban ji komai ba sai ɗaci da ƙauri. Wutar ta riƙa cin gefe ɗaya, ganyen waje ya tsage, cikin minti ashirin na gama da ita, na tashi jiri na ɗibata har da tashin zuciya. Shin masu sharhin nan ƙarya suke yi, ko jabu aka kawo mini, ko ni ne ban iya ba? Saura kara huɗu."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko ɗanɗanon da ake yayatawa akwai shi da gaske, ko kayan da ke hannunka na ƙwarai ne, da kuma ko akwai abin da ka yi da ya ɓata lamarin. Na daɗe ina kula da ɗakin ajiyar siga, ina kuma ɗanɗana sababbin kaya kafin a karɓe su, kuma a cikin bayaninka abu biyu ne suka tsaya mini a rai: sati uku a durowa, da minti ashirin. Ko siga mafi daraja da aka taɓa naɗawa a Havana ce, idan ta bi ta waɗannan biyun, abin da ka ji shi za ka ji. Ƙamshin siga ba ya jure zafi. Duk wahalar da ake sha tun daga gona har teburin mai naɗi, ana shan ta ne don a samu wuta mai tafiya a hankali da hayaƙi mai sanyi. Ganye ya bushe, zuƙa ta yi yawa, wuta ta yi gudu, shi ke nan an ƙone abin da aka yi shekaru ana tarawa.

Abin da ke cikin karan

Sigari yankakken ganye ne a cikin takarda. Siga ta ƙwarai kuwa ba komai a jikinta sai ganyen taba, da ɗan ɗigon ƙaro marar ɗanɗano da ake liƙe kai da shi. Hawa uku ce. Akwai ciko, wato ganyayen tsakiya, dogaye daga kai (ɓangaren da ake sa wa a baki) har ƙafa (ɓangaren da ake kunnawa). Akwai ɗauri, ganye mai ƙwari da ke riƙe cikon. Sai riga, ganyen waje mai santsi da ido ke gani.

Cikon shi ne inda gwanin haɗi yake nuna iyawarsa, domin ganyen shuka ɗaya ba iri ɗaya ba ne. Na ƙasa, wanda mutanen Kyuba ke kira bolado, siriri ne, ba shi da ɗanɗano sosai, amma shi ke riƙe wuta. Na tsakiya, seko, shi ke ɗauke da yawancin ƙamshi. Na sama, lihero, shi ya fi shan rana, ya fi kauri da maiƙo da nikotin, daga gare shi ƙarfi yake fitowa, kuma shi ya fi jinkirin ci. Akwai ma wasu ƙananan ganye biyu da kan fito a can ƙololuwar wasu shuke-shuken, mediyo tiyempo, waɗanda aka sa a cikin wata sigar Kyuba mai suna Cohiba Behike da ta fito a 2010. Saboda lihero ba ya saurin ci, mai naɗi yakan sa shi a tsakiyar tsakiya, ya kewaye shi da masu saurin kamawa. Shi ya sa idan ka kakkaɓe toka ka ga garwashin ya yi tsini kamar bakin fensir, alama ce ka yi sauri, gefe ya ƙone ya bar tsakiya a baya.

Yadda ake lanƙwasa ganyen cikon ma ba wasa ba ne. Wasu suna naɗe kowane ganye ya zama ƙaramin bututu kafin a haɗa su, wasu suna ninke shi ninki-ninki. Manufar ɗaya ce, a bar wa iska ƙananan hanyoyi tun daga ƙafa har kai. Ciko ya yi yawa, ko wani ganye ya murɗe, iska ta toshe, ka yi ta ja har kumatu su gaji. Ciko ya yi kaɗan, iska ta yi yawa, wuta ta yi gudu, hayaƙi ya yi zafi. Bayan an ɗaure, sai a sa a katakon matsi na ɗan lokaci ana juyawa, kuma manyan masana'antu a yau suna gwada zuƙar kowane kara da na'ura kafin a sa masa riga. Sannan a yanke ganyen riga da wata faffaɗar wuƙa, a miƙe shi, a naɗa a karkace daga ƙafa zuwa kai, a rufe kan da 'yar hula ta ganye. Wannan hular ce kaɗai ke hana rigar warwarewa. Wanda ya yanka kai ya wuce kafaɗar hular, rigar za ta kwance masa a baki ko da danshin karan daidai yake.

Daga ina ƙamshin yake zuwa

Ɗanyen ganyen taba ba ya shayuwa. Bayan girbi ana ɗinke ganyen bibbiyu, a rataye a kan sanduna a cikin rumfunan busarwa kamar kwana 45 zuwa 50, ya tashi daga kore zuwa rawaya zuwa ruwan ƙasa. Daga nan sai tsimi. A jera ganyen a manyan tsibi, da danshinsa da nauyinsa ya ɗauki zafi da kansa, ana duba zafin da ma'auni. In ya kai iyakar da ake so sai a rushe tsibin a sake ginawa, na ciki ya koma waje. A nan ne amoniya take fita, kaifin ganyen ya kwanta, nikotin ya ragu. Bayan haka a ɗaure a ajiye. Lihero kan yi shekara biyu ko fiye kafin ya isa teburin naɗi, ganyen riga kuma a Kyuba a cikin ɓawon wani irin dabino ake ƙunshe shi. Sigar da aka yi wa gaggawar tsimi ba ta ɓuya, tana sukar hanci da wani wari mai kaifi, ta bar ɗaci a ƙarshen harshe.

Ƙasar da aka shuka kuma tana da nata hannun. Yankin Vuelta Abajo a lardin Pinar del Río, musamman kewayen San Luis da San Juan y Martínez, shi ne wurin da aka fi girmamawa a Kyuba. Bayan da gwamnati ta karɓe masana'antun taba a 1960, Amurka kuma ta ƙaƙaba takunkumin ciniki a 1962, iyalai da dama masu wannan sana'a suka fice da iri da iliminsu. José Orlando Padrón, misali, ya kafa kamfaninsa a Miami a 1964, daga baya aikin ya koma Nikaraguwa. Irin Kyuba da ya sauka a baƙar ƙasar Estelí ta Nikaraguwa sai ya ba da ganye mai ƙarfi da yajin masoro, a kwarin Jalapa kuma ya fito da taushi da ɗan zaƙi. Kwarin Cibao na Jamhuriyar Dominikan an san shi da ganye mai laushin hali. Rigar Connecticut ta Amurka da ake nomawa a ƙarƙashin rumfar yadi mai shara-shara fara ce, siririya, mai sauƙi, a Ekwado kuwa gajimare ne ke yin aikin rumfar. Rigar Kamaru tana da ɗan ƙurji-ƙurji a jiki da zaƙi mai yaji, kuma ba ta da juriya, saurin tsagewa gare ta. Ta San Andrés a Meziko baƙa ce mai kauri, ita ce takan fi tuna wa mutum cakulan mai ɗaci.

To, masu sharhi ƙarya suke yi? A'a, amma wasunsu suna ƙara gishiri. Ba a zuba gahawa ko cakulan a siga ta ƙwarai. Abin da ke faruwa shi ne, idan sukari da furotin na cikin ganye suka gamu da zafi, sukan haifar da sinadarai masu ƙamshi, dangin waɗanda ke tashi idan ana gasa ƙwayar gahawa. Kama ce ta gaske, hanci bai yi kuskure ba. Ni dai a iya shekarun da na yi, abin da zan iya rantsuwa a kai bai wuce gida biyar ko shida ba: ƙamshin katako, ƙamshin ƙasa irin na bayan yayyafi, fata, yaji, gasasshen abu, da zaƙi mai kama da zuma ko busasshiyar ciyawa. Idan na ga an jera ɗanɗano goma sha biyu a kara ɗaya, har da sunan wani 'ya'yan itace na musamman, nakan ɗauka rabin abin daga alƙalami ya fito. Mun sha cire zoben takarda daga jikin siga mu ba mutanen da suka daɗe suna sha, kuma ba sau ɗaya ba na ga wanda ya rantse 'yar Kyuba ce a hannunsa alhali 'yar Nikaraguwa ce. Suna da tsada suna shiga baki kafin hayaƙi.

Akwai kuma abin da nake zargin ba wanda ya gaya maka. Harshe bai san gahawa ba, bai san fata ba. Abin da ya sani zaƙi ne, da ɗaci, da tsami, da gishiri, da ɗan garɗi. Sauran duk aikin hanci ne. Mai shan siga yakan ja hayaƙin ya tsaya a baki daƙiƙa biyu ko uku, ya fitar da mafi yawansa, ya rufe baki, sannan ya tura ɗan ragowar ta hanci da taimakon harshe, ba tare da ya bi ta huhu ba. Karon farko zai yi maka yaji har ido ya kawo ruwa, don haka da ɗan kaɗan ake farawa, kuma ba a kowace zuƙa ba. Wanda bai taɓa yin haka ba, kusan ɗaci da ɗumi kawai ya sani a siga.

Abin da ya sami taka

Siga tana son iska mai danshi kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, da sanyi kamar digiri 16 zuwa 18, ko kusa da haka. Shi ya sa ake ajiye ta a akwati na musamman da aka shimfiɗe cikinsa da katakon sida, wanda ke shan danshi yana sakewa a hankali. Durowar tebur ba ta da wannan. Cikin sati uku ruwan jikin ganyen ya tafi, ya ɗauki wani ɓangare na maiƙon ƙamshi ya tafi da shi. Busasshen ganye kamar kara yake ci. Riga kuma, da yake ita ce mafi siranta, ita ke fara bushewa ta rasa miƙuwa. Da ka kunna, zafi da tururi suka kumbura cikon, rigar ba ta iya biyo shi ba, sai ta tsage.

Cin gefe ɗaya yana da dalilai da yawa. Danshin karan bai daidaita ba, ko iska tana bugun gefe ɗaya, ko mai naɗi ya karkatar da lihero, ko kuma tun wurin kunnawa ba a kama ƙafar gaba ɗaya ba. Na ƙarshen nan shi na fi gani. Ba a cusa ƙafar siga cikin harshen wuta. Ana riƙe ta a karkace a ɗan sama da wutar, ana juyawa har bakin ya yi baƙi ya fara ja a kewaye, sannan a sa a baki a ja a hankali ana ci gaba da juyawa, a duba, a hura a ga ko'ina ya kama. Laita mai gas ko doguwar ashanar katako ake amfani da su. Laita mai fetur da kyandir suna barin warinsu a ganye.

Sai maganar minti ashirin. Ana auna kaurin siga da kashi 64 na inci. Girman da aka fi yayi, robusto, kaurinsa 50 ne, wato kusan santimita 2, tsawonsa milimita 124, kuma lokacinsa minti 45 zuwa awa ɗaya. Churchill mai kauri 47 da tsawon milimita 178 takan kai awa ɗaya da rabi. Ƙa'idar da nake ba kowa ita ce zuƙa ɗaya a kamar kowane minti, sannan a ajiye ko a riƙe kawai. A tsakanin zuƙa da zuƙa garwashin yakan huce, ganyen da ke bayansa ya ɗumama ya saki ƙamshinsa kafin wuta ta iso shi. Idan kana ja a jere kamar sigari, garwashin ba ya samun hutu, abin da ya kamata ya tashi a matsayin ƙamshi sai ya ƙone, kwalta ta taru a kai, kowace zuƙa ta fi ta baya ɗaci. Toka ma kada a riƙa kakkaɓe ta kowane lokaci, barinta ta kai santimita biyu ko uku yana tare iska ya rage wa garwashin zafi.

Da a hankali ka sha, da ka ga abin da masu sonta suke nema. Kara ɗaya ba hali ɗaya yake da shi daga farko zuwa ƙarshe ba. Kashin farko yakan zo da ɗan yaji sannan ya lafa. A tsakiya ne komai yake daidaita, hayaƙi ya yi kauri da laushi a ganɗa, zaƙi ya fito. Kashin ƙarshe yakan yi duhu da nauyi, domin duk hayaƙin da ya wuce ya bar maiƙonsa a nan. Ni na fi son siririya kamar korona, mai kauri 42, domin rabon riga a kan ciko ya fi yawa, halin rigar yana fitowa sarai, sai dai tana saurin yin zafi a hannun mai gaggawa. Ka kuma raba ƙarfi da ɗanɗano. Ƙarfi nikotin ne, a kai da ciki ake jin sa. Baƙar riga sau da yawa tsawon tsimi ne ya mayar da ita haka, takan fi zaƙi, ba lallai ta fi bugarwa ba.

Jirin da ka ji

Wannan nikotin ne, kuma a nan ba zan sassauta magana ba. Babbar siga tana ɗauke da taba gram 5 zuwa 20, karan sigari kuwa bai cika kai gram ɗaya ba. Hayaƙin siga ya karkata ga ɓangaren kanwa, saboda haka nikotin ɗinsa yana ratsa fatar baki ya shiga jini ko ba a haɗiye ba. Idan ka haɗiye shi zuwa huhu kamar yadda mai shan sigari ya saba, cikin sauri, wataƙila ma ciki ba komai, to jiri da gumi da tashin zuciya dole ne. In hakan ta faru, a ajiye, a fita iska, a sha ruwa da wani abu mai sukari, a zauna har ya wuce.

Rashin haɗiye hayaƙin bai mayar da siga lafiyayya ba. Tana jawo ciwon daji na leɓe da harshe da baki da maƙogwaro da hanyar abinci, mai haɗiyewa kuma ya ƙara da haɗarin huhu da zuciya. Tana lalata dasashi, tana kama mutum ya kasa bari, hayaƙinta yana cutar da na kusa, musamman yara da masu ciki. Tsadarta da kyan naɗinta ba su rage ko ɗaya daga wannan ba. Ina ganin girman aikin hannun da ke cikinta, amma wanda bai fara ba, ba ni da hujjar da zan ce masa ya fara. Idan kana da hawan jini ko ciwon zuciya, ko ka taɓa fama kafin ka bar sigari, shawarata ka bar huɗun nan inda suke.

Jabu ce ko ta gaske

Daga nesa ba zan yanke hukunci a kan karan da ban riƙe ba, amma jabun siga mai sunan Kyuba ta cika duniya, musamman a wuraren yawon buɗe ido, kuma akwai abin da za ka duba da kanka. Akwatin gaske yana da koren hatimin gwamnati, wanda tun 2009 yake ɗauke da tambari mai walƙiya da lambar tantancewa, a ƙasan akwatin kuma akwai tambarin Habanos, kamfanin da ke fitar da sigar Kyuba, da watan da shekarar da aka cika shi. Cohiba a akwati mai murfin gilashi jabu ce, ba sai an yi dogon bincike ba. Ka jera huɗun ka duba: tsawonsu da kaurinsu ɗaya ne? Hular kan tana da layuka uku a tsare? Rubutun zoben ya fito tsaf? Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka sadaukar da ɗaya, ka tsaga ta a tsaye da reza. Ta gaske, in mai tsada ce, za ka ga dogayen ganye a ninke daga kai har ƙafa. Ta jabu za ka ga guntaye da jijiyoyi da ƙura, wani lokaci har da abin da ba taba ba. In haka ka gani, zubar da sauran.

In kuwa ganyen dogaye ne, ragowar ukun suna iya farfaɗowa, amma ba da gaggawa ba. Kada ka fesa musu ruwa, kada ka sa su a firji. Busasshiyar siga da aka jefa cikin danshi mai yawa lokaci guda fashewa take yi. Samu mazubi mai rufuwa ruf, ka sa su tare da ƙunshin daidaita danshi na kashi 62, bayan kamar sati biyu ka canza zuwa 65 ko 69, ka bar su wata guda ko fiye, kana juya su lokaci-lokaci. Ka nisanta su da zafi, domin in ya haura digiri 22 tare da danshi mai yawa ƙwan ƙwaron taba yana iya ƙyanƙyashewa ya huda su. Maiƙon da ya riga ya tafi ba ya dawowa duka, amma sati uku ba su kai a fid da rai ba.

Za ka san ta dawo idan ka matsa ta a hankali tsakanin yatsu ta ɗan lotsa ta koma ba tare da ƙara ba. Yanke ɗan saman hular kawai, kamar milimita biyu, ka ja kafin ka kunna. Ya kamata iska ta zo da 'yar turjiya kaɗan, ka kuma ji ɗanɗanon ganyen a sanyi. In ta toshe, bar ta a waje kwana ɗaya ta rage danshi. Na taɓa karɓar kaya da kusan rabinsu ba sa jawuwa, da muka sauke danshin zuwa 62 na 'yan kwanaki yawancinsu suka buɗe, waɗanda suka ƙi kuwa da muka tsaga sai muka tarar da murɗaɗɗen ganye daidai ƙarƙashin zobe. Ka ci abinci tukuna, ka zauna inda iska ba ta kaɗawa kuma ba kowa a kusa da hayaƙin zai dama, da ruwa a gefe don wanke baki. In gefe ɗaya ya yi baya, taɓa shi da wuta ya kamo. In ta mutu, kakkaɓe tokar, hura ta cikinta sau ɗaya don tsohon hayaƙi ya fita, ka sake kunnawa. Da zarar ka ji kan ya yi ɗumi a leɓe, ɗaci ya fara rinjayar sauran, ko da saura santimita huɗu ko biyar, ajiye ta a mazubin toka ta mutu da kanta. Kada ka murƙushe ta kamar sigari, murƙushewa ce ke fasa cikon ta saki warin kwaltar da ta taru a ciki.